Wanda Ya Rushe, Shi Ya Gina: Wata Lahadi a Kilburn

Ɗan yayata da ke zaune a arewa maso yammacin Landan ne ya matsa sai mun je. Tun da na sauka yake ce mini akwai wani gini a unguwarsu da bai kamata in koma gida ban gani ba, amma ya ƙi faɗin ko wane iri ne. Sai ranar Lahadi, mun idar da azahar muna ɗaura takalma, ya fito da maganar: mashaya ce, sunanta Carlton Tavern.

"Haba Kawu, ai ba cewa na yi ka sha ba," in ji shi da ya ga irin kallon da na yi masa. "Ginin za ka gani, ka ji labarinsa. Har shayi suna sayarwa."

Muka kama hanya a ƙafa daga Kilburn High Road. Titin nan tsohuwar hanya ce tun zamanin Rumawa, ta taso daga Marble Arch, ta bi Edgware Road, ta miƙe arewa ba kwana. A da unguwar 'yan Ailan ce, waɗanda suka ƙetaro bayan Yaƙin Duniya na Biyu suna leburancin gini da haƙar hanya, matansu da yawa suna aikin jinya. Yau kuwa mahautan halal ne jere da masu gyaran waya da masu gasa kebab, kana tafe kana jin Larabci da Somaliyanci da Yarabanci. Muka karya kwana, muka wuce tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta Kilburn Park mai jan tayil, wadda aka buɗe a 1915, muka bi ta gindin cocin St Augustine da hasumiyarsa da ake hangowa daga nesa. Ta hannun dama duk injinan ɗaga kaya ne a sama: ana ta rushe dogayen benayen gwamnati na South Kilburn ana gina sababbi. Wanda ya ga wannan ya fahimci rabin labarin tun kafin a ba shi. A nan ƙasa ita ce dukiya, kuma duk ginin da bai kai sama sosai ba, akwai mai lissafin gidajen haya nawa za a iya ɗorawa a gurbinsa.

Carlton Tavern tana kan titin Carlton Vale, jikin filin wasanni na Paddington. Ba wani ƙaton gini ba ne. Jan bulo ne, da tayil mai ƙyalli, da rufi mai gangara, sai rubutu da manyan haruffa a jikin bango ɗauke da sunan kamfanin giya na Charrington da kirarin hajarsa, irin tallan shekaru ɗari da suka wuce. Daga tsallaken titi za ka rantse tun zamanin kakanni yake tsaye a nan. Sai da na matsa na shafa bangon na ga simintin da ke tsakanin bulo bai ci hayaƙi ba, gefen bulon ma da sauran kaifinsa. Yaron ya tsaya yana murmushi, yana jira in tambaya.

Asalin mashayar da ke wurin bam ɗin jiragen Jamus ne ya tarwatsa ta a 1918. Kamfanin Charrington ya sa mai zanen gini Frank Potter ya tsara wata, aka gina ta tsakanin 1920 da 1921. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya zo Jamusawa suka sake yi wa Landan ruwan bama-bamai, kuma mutanen unguwa na alfahari da cewa ita kaɗai ce ta tsira a titin. Ta ci gaba da aiki kusan shekara casa'in da huɗu ba a taɓa tsarin cikinta sosai ba, abin da ke da wuyar samu a garin da kowane sabon mai gida sai ya fasa bango.

Abin da bam bai yi ba, katafila ta yi shi a yini guda. Wani kamfanin harkar gidaje mai suna CLTX ya mallaki wurin, ya nemi izinin rushewa don ya gina gidajen haya goma. A farkon 2015 hukumar birnin Westminster ta ƙi. A daidai lokacin kuma hukumar kula da gine-ginen tarihi ta Ingila, Historic England, tana shirin ba da shawarar a saka ginin cikin jerin waɗanda doka ta kare. Da zarar gini ya shiga wannan jeri, rushe shi ba izini laifi ne da zai iya kai mutum gidan yari. Ana cikin hutun Ista aka ce wa matar da ke gudanar da mashayar ta rufe, wai za a yi ƙidayar kaya. Ranar 8 ga Afrilu, 2015, kwanaki kaɗan kafin shawarar ta fita, katafilu suka iso. Ba izini, ba sanarwa. Kafin jami'an hukuma su tsayar da aikin, yawancin ginin ya zama ɓaraguzai, da kujerunsa da talabijin ɗinsa a ciki.

Ɗan yayata bai ga wannan rana ba, ya zo karatu ne daga baya. Abin da ya tarar shi ne katangar katako da aka kewaye wurin da ita, da guntun bango yana leƙowa ta sama. Ya ce shekaru ya yi yana wucewa ta nan zuwa ƙwallo, yana ganin takardun da mutane ke liƙawa, bai taɓa kawowa a ransa wani abu zai fito daga ciki ba. Kowa ya san yadda irin wannan ke ƙarewa. Aikin gama ya gama, a ci mai kuɗi tara, ya biya yana dariya, bayan shekara biyu a ga bene.

A ganina nan ne zuciyar labarin take. Mai kuɗi ba ya tsoron tara. Tun kafin ya kira direban katafila ya riga ya saka ta a lissafi, kusa da kuɗin siminti da na lauya. Hukumar Westminster ba ta bi ta nan ba. A watan Mayun 2015 ta ba da umarni cewa a mayar da ginin yadda yake kafin a taɓa shi, bulo bayan bulo. Kamfanin ya ɗaukaka ƙara. Aka yi zaman sauraron jama'a a 2016, mutanen unguwa suka cika zauren, sufeton tsare-tsare ya tabbatar da umarnin, ya ba kamfanin shekara biyu. Ka duba abin da wannan ke nufi ga wanda ya rushe: ya biya kuɗin rushewa, ya biya lauyoyi, ya biya kuɗin gini mai tsada irin na da, kuma a ƙarshe abin da ke hannunsa shi ne ainihin abin da ya so ya kawar. In ka ga ƙi gudu, sa gudu ne bai zo ba.

Da an tsaya ga umarni kawai, da kamfanin ya sami mafita, ya ce ai ba wanda ya san ainihin yadda ginin yake. Amma mutanen unguwa sun riga shi tashi. Tun da suka fara zargin akwai wata a ƙasa suka nemi masu kula da gine-ginen tarihi su zo, aka ɗauki hotunan ko'ina, aka auna, aka ɗauki zubin tayil ɗin da filasta. Ga kuma hotunan da jama'a suka fito da su daga gidajensu, na bukukuwa da tarurruka, inda bango da tagogi suka fito a bayan mutane. Ba sauran wurin fakewa. Aikin ya ja ƙafa fiye da wa'adin da aka ba shi, annobar korona ma ta shigo, amma ranar 12 ga Afrilu, 2021, ranar da gwamnatin Birtaniya ta sassauta kulle a Ingila ta yarda a zauna a ci a sha a waje, Carlton Tavern ta buɗe a hannun wasu sababbin masu gudanarwa. Shekara shida da kwana huɗu ke nan daga zuwan katafila.

Ƙafata ta yi nauyi a bakin ƙofa, ba zan ɓoye ba. Na san abin da malamai suka faɗa game da zama a teburin da ake shan giya, kuma ban zo Landan neman sabuwar fatawa ba. Muka daidaita da yaron: mu shiga in ga ciki, mu karɓi shayi, mu fita lambu mu zauna a teburinmu mu kaɗai.

Ɗumi ne ya fara dukan fuskata, sai ƙamshin gasasshen nama gauraye da tsamin giya. Ba wanda ya taso ya tarbe mu. A mashayar Ingila kai za ka je kanta ka faɗi abin da kake so, ka biya nan take, ka ɗauko da hannunka. Babu layi a fili, amma mai sayarwa ta san wanda ya riga wani, kuma kowa ya san ta sani. Muna jira na sami damar duba kantar da kyau. Katako biyu ne aka haɗa. Wani sashe baƙi ne, ya sha hannu har ya yi santsi, da tabo da wata tsaga da ba a cike ba. Kusa da shi sabo ne mai haske da aka yi wa launi don ya bi sahun tsohon, bai kai ba tukuna. Tsohon daga cikin ɓaraguzai aka tono shi. Haka ma wasu sassan murhun jin ɗumi da madogarin matakala. Masu wurin sun bar karayar a fili da gangan, kuma na ga dacewar hakan. Da sun goge komai ya yi sumul, da ginin ya zama ƙarya mai kyau. A yadda yake, wanda ya jingina da kanta zai ji da gwiwar hannunsa inda aka fasa da inda aka ɗinke.

Abin da ban zata ba shi ne irin mutanen da ke ciki. Ga wata mata da jariri a keken turawa, ga kaka da jikoki uku ana yanka musu dankali, ga samari da taɓo har gwiwa sun fito daga filin ƙwallo, ga karnuka kwance ƙarƙashin tebura ba mai kula su. Yawanci abincin Lahadi ya kawo su: yankan naman sa ko kaza, gasasshen dankalin turawa, ganyaye, romo mai kauri, da wani abu da ake yi da fulawa da ƙwai da madara ya kumbura ya yi rami a tsaka, wanda suke dangantawa da yankin Yorkshire. Nama dai ba namu ba ne, ba yankan Musulmi ba. Na ce to a kawo kifi. Yaron ya raɗa mini cewa a irin waɗannan wurare sau da yawa da giya ake kwaɓa fulawar da ake tsoma kifin, sai an tambaya. Na ce a bar shi, shayi ya isa.

Shayin ma ashe ba baƙo ba ne a gidan. Ɗakin baya, inda ake cin abinci, tun a zanen farko an ware shi ne don abincin rana da shan shayi. A lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya gwamnatin Birtaniya ta taƙaita sa'o'in sayar da giya saboda maye na hana ma'aikatan masana'antun makamai aiki, masu wa'azin ƙauracewa barasa kuma suna da ƙarfi a siyasa. Kamfanonin giya suka ga in ba su gyara ba za a gyara musu. Sai suka shiga gina mashayu masu faɗi da haske, da kicin, da ɗakin da mutum zai iya zuwa da matarsa ba kunya. Carlton Tavern na cikin na farko-farkon wannan salo, kuma dalilin da ya sa masana tarihi suka damu da ita ke nan, ba don tsufa kawai ba. A Landan ginin 1921 yaro ne.

A lambu muka tarar da wani dattijo shi da karensa, rigar sanyi har wuya, yana busa sigari. Tun 2007 aka hana shan taba a cikin irin waɗannan wurare a Ingila, shi ya sa masu hayaƙi ke zaman waje ko ana sanyi. Ya dubi hulata ya tambayi daga ina. Turancinsa na Ailan ne, mai sauri, yana haɗiye rabin kalma, dole yaron ya zama tafinta tsakanin mutum biyu da kowannensu ke ganin Turanci yake yi. Da na ce Najeriya ya ce ya yi aiki da 'yan Najeriya a garejin bas, mutanen kirki, sai dai surutu. Na ce Baba, ai ba ka haɗu da na wajenmu ba ne.

Na tambaye shi ranar rushewa. Ya ce ƙara ya ji daga gida, ya ɗauka aikin hanya ne, da ya fito ya ga rufin a ƙasa. Bai tsaya kan wannan ba, ya wuce zuwa abin da ya fi damunsa. A ɗakin bayan nan, in ji shi, suka taru bayan binne ƙaninsa. A nan aka yi walimar baftismar 'yarsa. Akwai waɗanda ya yi shekara talatin yana gani duk mako, bai san lambar wayarsu ba, bai san ƙofar gidansu ba, don bai taɓa bukata ba. Ya san dai ranar Juma'a da yamma suna kujerar kusa da taga. Da aka rushe ginin sai suka ɓace masa gaba ɗaya. Wasu sun koma wata mashayar, wasu an tashe su daga benayen da ake rushewa an kai su wata unguwa, biyu kuma sai daga baya ya ji sun mutu, bai sami zuwa jana'iza ba.

"Yanzu fa?" na ce.

Ya ɗaga kafaɗa. Ya ce ginin shi ne, har inda hasken yamma ke faɗowa bai sauya ba. Fuskokin ne sababbi, matasa masu albashi da suka sayi gidaje a Maida Vale. Bai ce laifi ba ne. Ya ce gara su da bene.

Maganarsa ta sa na fahimci abin da dubban mutane suka sa hannu a takardar koke dominsa. A Landan ba a zaman ƙofar gida. Ɗakuna ƙanana ne, sanyi ya yi yawa, a hunturu ƙarfe huɗu na yamma duhu ya rufa, maƙwabci kuma ba ya faɗo maka ba sanarwa. Aikin da majalisar ƙofar gida ke yi a wajenmu, inda ake jin wa ke kwance a asibiti, wa ke neman aiki, wa aka kwana biyu ba a gani ba, a nan mashaya ce ke yin sa, sai dai ita da mata a ciki, kuma kujerar ba kyauta ba ce. Wannan bai wanke giya ba a wurina. Wanda ya bi Kilburn High Road daren Asabar zai ga abin da take yi wa mutane, kuma likitocin ƙasar da kansu ba su ɓoye ba. Amma rigimar Carlton Tavern ba a kan halaccin giya aka yi ta ba. A kan wa ke da ta cewa ne a unguwa: mutanen da suka binne 'yan'uwansu daga wannan ɗaki, ko kamfanin da ya ga fili.

Kuma ba ita kaɗai ba ce. A shekarar 2000 mashayun Birtaniya sun haura 60,000. Yanzu ba su kai 50,000 ba. Haraji, tsadar wuta da haya, arahar giya a manyan kantuna, matasa da suka rage sha, duk sun taimaka. A Landan kuwa babban dalili shi ne ginin ya fi tsada in an mai da shi gidajen kwana. Wata doka ta 2011 ta ba jama'ar unguwa damar yi wa wuri rajista a matsayin kadarar da al'umma ke amfana da ita, ta yadda in za a sayar sai an ba su wata shida su nemi kuɗi su taya. Da wannan dama mutanen Nunhead a kudancin Landan suka haɗa hannun jari suka sayi mashayar Ivy House, suka buɗe ta a 2013. A 2017 kuma aka toshe ƙofar da ta rage, aka ce a Ingila ba mai rushe mashaya ko ya sauya mata aiki sai da cikakken izinin hukumar tsare-tsare.

Da shayi ya ƙare muka yi wa dattijon sallama, muka ratsa ta cikin filin wasannin. A nan Roger Bannister ya riƙa atisaye yana ɗalibin likita a asibitin St Mary's, kafin ya zama mutum na farko da ya yi gudun mil ɗaya cikin ƙasa da minti huɗu a Oxford a 1954. Bradley Wiggins ma, wanda ya ci gasar keken Faransa a 2012, a nan ya fara tuƙi yana yaro. Ɗan yayata ya nuna mini filin da suke buga tasu ƙwallon, ya ce in an tashi duk 'yan ƙungiyar Carlton Tavern suke wucewa, shi da wani ɗan Somaliya su karɓi lemo, kuma ba wanda ya taɓa tambayarsu dalili.

A hanya ya ba ni labarin wata. Crooked House, kusa da Dudley a tsakiyar Ingila, mashayar da haƙar ma'adinai ta sa gefenta ɗaya ya nutse har ta karkace, mutane na zuwa daga nesa don su ga ƙwallo na gangarawa kamar tana hawa tudu. An sayar da ita a 2023, ba a jima ba gobara ta cinye ta ranar 5 ga Agusta, bayan kwana biyu katafila ta share sauran. Nan take jaridu suka shiga ambaton Carlton Tavern. A Fabrairun 2024 hukumar South Staffordshire ta ba da umarnin a sake gina ta yadda take cikin shekara uku, masu wurin suka ɗaukaka ƙara. Na ce wannan aikin ya fi na Kilburn wuya, don sai an nemo maginin da zai yarda ya gina karkataccen bango da gangan, kuma injiniyan hukuma ya sa masa hannu.

"Kawu, ko mu je ka gani? Jirgi ne zuwa Birmingham, sai mota."

Na ce in ga me, fili? La'asar ta kusa fita, ga yunwa. Muka tari bas mai gangarawa Edgware Road, inda ya ce akwai wani ɗan Lebanon da ke gasa rago, kuma akwai wurin salla a kusa.